Hanyar bakin teku: daga Kwatanu zuwa Garan-Popo

Direbobin kamyo na Maraɗi da Damagaram sun san Kwatanu, can ƙasar Benin. Shekara da shekaru nan suka riƙa ɗauko kayan Nijar daga jirgin ruwa. Amma kaɗan ne cikinsu suka bi hanyar da ta yi yamma, gefen teku, wajen iyakar Togo. Tsawonta bai kai kilomita 100 ba.

In mota ta bar Kwatanu, teku tana hannun hagu. Ruwa ne iyakar ganin ido, ba a hango gacinsa. Itatuwan kwakwa sun jeru bisa rairayi. Masunta suna jan koma da igiya, maza da mata da yara, suna waƙa.

Bayan kamar kilomita 40 sai garin Wida. Nan akwai ɗakin tsafi inda ake ajiye mesa da yawa. Ƙanana ne, ba su da dafi. Mutanen garin ba su kashe su. In ɗaya ta shiga gidan mutum, ɗaukarta yake ya mayar da ita. Baƙo mai ƙarfin hali ana rataya masa ɗaya a wuya. Makiyayi dai zai ce a bar shi daga nesa!

Akwai kuma wani tsohon gidan bene da aka gina a 1922. A 2013 aka mai da shi gidan nuna zane-zane da sassaƙa na masu fasahar Afirka.

Daga cikin gari wata hanya ta kilomita 4 ta gangara teku. Ita ce hanyar bayi. Ta nan aka kora mutane cikin sarƙa zuwa jiragen Turawa. Cikin bayin da aka kai Barazil daga wannan gaɓa har da Hausawa. A 1995 an gina babbar ƙofa a bakin ruwa don tunawa da su. Sunanta Ƙofar da Ba a Komowa.

Dab da ita akwai ƙauyen Jegbaji. Matan nan gishiri suke dafawa, kamar matan Foga a wajen Gaya. Su kankare ƙasa mai gishiri, su tace da ruwa, su dafa har ruwan ya ƙone. Aikin yana cin itace ƙwarai. Itacen kuwa na wasu itatuwa ne masu tsirowa cikin ruwan gishiri. Cikin saiwoyinsu kifi yake hayayyafa, su ne kuma suke riƙe ƙasa. Inda aka sare su, kifi ya ragu, ruwa ya ci gaɓa, kamar yadda rairayi yake rufe gona in babu itace. A 2016 gwamnatin Benin ta hana saransu.

Zango na ƙarshe Garan-Popo, kusa da inda kogin Mono ya faɗa teku. Da dare kunkurun teku takan fito bisa rairayi. Ta tona rami, ta zuba ƙwai wajen 100, ta rufe, ta koma ruwa. Da can mutane sukan kwashe ƙwan, su yanka uwar. Yanzu wasu ƴan ƙauyukan su ne masu gadi. Suna mayar da ƙwan cikin shinge har wata biyu. In sun ƙyanƙyashe, a kai ƴaƴan bakin ruwa cikin kwano, yaran lakwal su sake su.