Idan hazo ya rufe gilashin jirgi, wa zai duba maka allura?

Yau mun ɗan ajiye maganar waya da data, za mu leƙa wajen masu tuƙa jirgin sama a kwamfuta, wato masu Microsoft Flight Simulator da X-Plane, da kuma FlightGear ga wanda aljihunsa bai yi nauyi ba, tunda ita kyauta ce.

Idan ka taɓa gwadawa, ka san tashi ba wuya. Sauka ma da rana tsaka, kana hango titin jirgi tun daga nesa, kwana biyu ka iya. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da ka shiga saitin yanayi ka zuba hazo, irin na hunturu da ke sa a ɗage tashin jirage a filin Malam Aminu Kano. Gilashi ya yi fari fat, ba sama ba ƙasa, sai agogunan da ke gabanka. Ni dai a nan na ke ganin mutum ɗaya ba ya koyon abin nan da kyau, komai yawan bidiyon da ya kalla a YouTube.

Ga dalilina. Na'urar da ke jagorantar jirgi zuwa titi cikin hazo ana kiran ta ILS. Allura biyu gare ta: ta tsaye tana nuna maka ko titin yana hagunka ko damanka, ta kwance kuma tana nuna ko ka yi sama da yawa ko ka yi ƙasa da layin gangara, wanda galibi digiri 3 ne. A baki kam da sauƙi. Amma sabon shiga da ya ga allura ta karkata hagu sai ya murɗa jirgi da ƙarfi, ta tsallake dama, ya sake bin ta, haka zai yi ta tafiyar maciji har ya wuce filin. Siginar tana ƙara tsukewa yayin da kake matsowa, don haka gyaran da ya yi maka daidai a mil 10 ya yi yawa a mil 2. Manhaja ba za ta ce maka uffan ba. Abokin da ke kallon allonka ta Discord shi ne zai ce, "Malam, digiri biyar kawai, ka jira ta dawo da kanta."

Haka muke yi da abokaina a daren Juma'a idan an samu wuta da intanet a lokaci guda, wanda shi ma wani sa'a ne. Ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana riƙe da taswirar sauka yana karanto lambobi, na uku ya zama jami'in hasumiya. A irin wannan zama ne ƙananan dabaru ke yawo daga baki zuwa baki. Misali, ka ninka gudunka a ƙasa sau biyar, shi ne ƙafa nawa za ka riƙa sauka a minti: Cessna 172 mai gudun not 90 tana bukatar kusan ƙafa 450. Ko kuma cewa juyi na ƙa'ida digiri 3 ne a daƙiƙa, zagaye cikakke minti biyu.

Sai maganar QNH, lambar nauyin iska da ake sa wa agogon tsayi. Mutane da yawa suna barin ta a 1013 su manta. Kuskuren lamba 10 kusan ƙafa 280 ne, alhali a saukar ILS ta matakin farko, ƙafa 200 sama da titi ne mafi ƙasan inda za ka yanke shawara: ko ka ga titi ka sauka, ko ka ƙara wuta ka koma sama. Ka ga kenan agogo zai iya ce maka da saura alhali taya ta kusa taɓa ƙasa. Mai tuƙi hankalinsa ya rabu gida biyar, na gefensa ne ke kama irin wannan.

Kuma ba mu muka fara ba. A 1929 da Jimmy Doolittle ya tashi ya sauka a Amurka da kallon agoguna kaɗai, an lulluɓe masa kujerarsa ruf, amma akwai wani matuƙin a ɗaya kujerar yana sa ido.

Idan hannunka ya faɗa, akwai VATSIM da IVAO, inda 'yan sa-kai ke zama jami'an hasumiya kai tsaye, kyauta, da Turancin jirage na sosai. Ranar farko murya takan yi rawa. Ka rubuta a takardar tafiyarka cewa kai sabo ne, yawancinsu za su sassauta maka magana. Shawarata dai ka fara maimaita umarni da abokinka tukuna, don kada ka toshe wa mutane rediyo.

Abu ɗaya da ba na so ka ɗauka daga nan: cewa ka zama matuƙi. Kujerarka ta ɗaki ba ta motsi. A jirgin gaske, cikin kunnen mutum yakan yaudare shi cikin gajimare, ya ji kamar yana tafiya daidai alhali ya karkace, kuma wannan ruɗin ne masu bincike suka ce ya jawo hatsarin John F. Kennedy ƙarami a 1999. Kwamfuta tana koya maka tsari da lissafi da magana, sauran sai makarantar tuƙi da malami mai lasisi.

Ga abin gwaji na wannan makon. Ka ɗauki Cessna 172, ka sa gindin gajimare a ƙafa 500 sama da filin, ka kashe otofailot, ka ba abokinka taswira ya karanta maka mitar ILS da QNH tun kana mil 15. Idan kun gama ku yi musanyar kujera. Wanda ba shi da abokin yi ya ajiye sunan manhajarsa a ƙasa, za a samu wanda zai haɗu da shi.