Tsingaron randar Inna ne ya ceci lemun kakana

1/
Jama'a, yau zarena a kan ƙasar da ake shuka bishiya a tukunya ne. Na san wani zai ce me ya haɗa ɗalibi da tsingaro. Ku dai biyo ni, don sai da dashe biyu cikin uku suka mutu a hannuna kafin na gane inda nake kuskure.

2/
A gidanmu na Kebbe akwai wani lemun tsami da kakana ya dasa tun kafin a haife ni. Da ya rasu, Allah ya jiƙansa, aka raba gado, sai bishiyar ta faɗa ɓangaren da za a gina ɗaki. Ba rigima, kowa ya yarda a sare ta. Ni dai na tsinci 'ya'yanta na ƙarshe, na cire irin na shuka. Guda uku suka tsiro.

3/
Mu kuma a Tambuwal gidan haya muke, tsakar gidan duk siminti. Ba inda zan haƙa rami. Na samo bokitan fenti uku, na huda gindinsu, na je fadama na ɗebo baƙar ƙasa. A tunanina, tunda ita ke ba da shinkafa da albasa, ai ba ta da na biyu.

4/
Ashe ba haka ba ne. Ƙasar fadama laka ce. A bokiti, in ta sha ruwa sai ta cure kamar tuwo, in ta bushe ta tsage ta yi tauri. Ita kuwa saiwa iska take buƙata kamar ni da kai. Damina na kankama, ganyen na farko ya yi rawaya ya zube. Da na tumɓuke shi, saiwar ta yi baƙi tana wari. Bayan sati biyu, na biyu ya bi shi.

5/
Saura ɗaya. Wallahi barci ya gagare ni, na shiga intanet cikin dare. Na ga masu renon ƙananan bishiyoyi a Japan, abin da ake kira bonsai, suna amfani da wata ƙasa mai ƙwaya-ƙwaya, akadama. A Turai kuma akwai ƙwallayen yumɓu da ake gasawa a zafin kusan digiri 1,200 har su kumbura su yi sakayau. Na duba kuɗinsu, na duba aljihuna, na kashe data na kwanta.

6/
A satin nan randar Inna, kakata, ta fashe. Ina kwashe tsingaron zan zubar, sai na lura ya kwana cikin ruwa amma bai narke ba. Na tsaya da shi a hannu. Kai! Ai wannan ma gasasshen yumɓu ne.

7/
Ga yadda abin yake. Yumɓu in ya sha wuta ya haura wajen digiri 600, ya canza ke nan, ruwa ba ya ƙara mayar da shi laka. Amma jikinsa cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Shi ya sa randa ke tsattsafo da ruwa, na cikinta ya yi sanyi. In ka farfasa shi ka gauraya da ƙasa, kowace ƙwaya za ta sha ruwa ta riƙe, tsakaninsu kuma iska ta samu hanya, rarar ruwan ta fice ta gindi.

8/
Inna ta same ni a bayan ɗaki ina daka tsingaro da dutse. Ta ce, “Kai maigida, mi kaka yi haka? Bokon ne ya taɓa ka?” Na ce, “Inna, lemun tsohonki nika son in ceta.” Ta yi shiru, ta shiga ɗaki. Can sai ga ta da tsohuwar rariyarta. Ta ce, “To tankaɗe shi, gari shi ka toshe ruwa.” Abin da na kwana ina karantawa, ita ta san shi tun daga madafi.

9/
In za ka gwada, ga yadda nake zaɓa. Jiƙa ɗan guntu a ruwa ya kwana. In ya murmushe ko ya narke, bai gasu ba, bar shi. In ka ɗora busasshe a harshe ka ji ya ɗan manne, to mai shan ruwa ne, shi ake so. Farfasa shi ya koma kamar ƙwayar wake ko masara, ka tankaɗe garin, ka wanke, ka jiƙa shi kafin ka haɗa.

10/
Ƙonannen jan bulo ma yana yi. Amma ka guji bulon siminti, yana sauya ƙasa ta yadda lemu ba ya so, ganye ya riƙa rawaya. Tubalin da rana kawai ta busar, laka zai koma. Tukunyar da aka daɗe ana ajiye gishiri ko kanwa ko mai a ciki, ita ma a'a.

11/
Nawa haɗin: kwano ɗaya na tsingaro, ɗaya na ƙasar jigawa, ɗaya na takin awaki da ya ruɓe sosai. Tsingaro ba abinci ba ne, taki ne ke ciyar da dashe. Kuma ka gauraya shi ko'ina, kada ka jera shi a gindin tukunya kawai. Jerawar ba ta sa ruwa ya fita, sai ma ta sa laimar ta matso kusa da saiwa. Guntu ɗaya a bakin huda ya isa.

12/
Abin yana da wahalarsa fa. Irin wannan ƙasa tana saurin bushewa. A watan Afrilu da zafinmu ke wuce digiri 40, safe da yamma nake ba shi ruwa, na kuma mayar da shi inda rana ba ta dukan jikin bokitin da azahar.

13/
Ranar da na sauya masa ƙasa, ganye huɗu suka rage masa. Na yanke ruɓaɓɓiyar saiwa, na dasa, na ajiye a inuwa. Kusan wata guda ba motsi. Sai wata safiya na ga sabon toho. Yanzu ya kai ƙuguna. Bai yi 'ya'ya ba tukuna, lemun da aka shuka daga iri yana ɗaukar shekaru.

14/
In na koma makaranta Sakkwato, Inna ke ba shi ruwa. Jiya ta sa ƙanena ya kira ni, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce ƙaya ta fito masa irin ta uwar tasa sak, har ta soke ta a yatsa. Dariya take yi, amma na ji muryarta ta sauya.

15/
Mutanen Tambuwal, Dogon Daji, Kuchi da Kebbe, in randa ko tulu ya fashe muku, kada ku zubar, ina so. Ranar da muka samu filin kanmu in sha Allahu, zan sauke shi ƙasa. Wanda ya gwada da mangwaro ko gwaiba, ya faɗa mana yadda ta kaya.