Garin Kakata Yana Ƙarƙashin Ruwa

1/ Duk sanda muka shiga kwale-kwale daga Yelwa muka yi kudu, akwai inda Kaka take yin shiru, ta nuna ruwa da baki ta ce, "Nan ne gidanmu." Ba komai a wajen fa, ruwa ne zalla. Ku ɗan bi ni.

2/ Kaka 'yar Gungawa ce, a tsibiri aka haife ta. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye garuruwa har da tsohuwar Bussa. An tashi sama da mutum 40,000.

3/ An gina musu gidajen siminti, gaskiya ne. Amma Kaka ta ce ba wanda ya tambaye su inda rumbu zai zauna, balle fadamar albasa. Da zafi ya ishe su, bukka suka kafa a gefen gidan gwamnati.

4/ Ban ce madatsar ba ta yi amfani ba. Ta haska birane, tafkin kuma yana ciyar da masunta. Amma sai 2021 HYPPADEC, hukumar raya yankunan madatsun lantarki, ta fara aiki. Shekara 53 kenan!

5/ Abin da ya tuna min: hutun da ya wuce na tarar da turaku a tsakiyar gonar Baba a Ngaski. Wai hanya za a fitar. Wallahi muna so, albasarmu ruɓewa take kafin ta kai kasuwa.

6/ Matsalar, Baba ba shi da takarda, gado ne. A dokar filaye ta 1978 ƙasa amana ce a hannun gwamna, diyyar kuma ta shuka da gini ce, ba ta ƙasar kanta ba.

7/ A taron ƙofar mai gari na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, in aka karkata hanyar ta bi tsohon burtali, gona nawa za ta tsira?" Baba ya harare ni. Masu awo suka ce za su duba. Turakun dai suna nan.

8/ Ni ba wani abu nake nema ba: a tambaye mu kafin a kafa turke, ba bayan an kafa ba. In irin wannan ya zo garinku, ku je taron, ku tafi da iyayenku mata, a rubuta gonar kowa a gabansa.

9/ Da na ba Kaka labari, cewa ta yi, "Kai ka samu bakin tambaya. Mu mota kawai aka kawo."