Kobon Da Bai Ɓata Ba

Wannan makon labarin kunyar da muka sha muka kawo muku.

Mu uku muka haɗa wata 'yar manhaja da yaren Python domin lissafin asusun ƙungiyarmu ta taimakon juna. Ƙarshen wata ya yi, muka ce ta tara shige da fice, har da cajin banki mai kobo-kobo, ta gwada da abin da ma'aji ya rubuta. Sai ta ce lissafi bai daidaita ba. Nan fa zuciya ta fara saƙe-saƙe a kan dattijon da ya shekara yana riƙe mana amana.

Allah ya taimake mu ba mu furta ba. Ɗayanmu ya buga 0.1 + 0.2, kwamfuta ta ba shi 0.30000000000000004. Ashe ba kobo ɗaya da ya ɓata. Kwamfuta da 0 da 1 take ƙirga, kuma a tsarinta 0.1 ba ya ƙarewa, kamar yadda ɗaya bisa uku yake 0.333 har abada a namu. Gurbi 64 ta tanada wa irin wannan lamba bisa ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, sai ta ajiye mafi kusa. Mu kuwa mun ce sai lambobin biyu sun zo daidai cif.

Kada a raina wannan ɗan bambanci, da yayyafi kogi kan cika. Ranar 25 ga Fabrairu 1991 a Dahran ta Saudiyya, na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot ta yi kusan awa 100 a kunne tana ƙirga lokaci da 0.1 na daƙiƙa, wanda aka datse. Kuskuren ya taru ya kai kusan 0.34 na daƙiƙa, makami ya wuce, sojan Amurka 28 suka mutu.

Gyaranmu ba wuya. Kuɗi yanzu da kobo muke ajiye su, cikakkiyar lamba: naira 10.75 ta zama 1075. In rabo ya kama, mu ɗauko Decimal. A sauran awo kuma mun daina tambayar ko daidai suke, sai dai ko sun yi kusa iya yadda muka yarda.

Ma'aji har yau bai san mun zarge shi ba. Mu dai mun sani. Allah ya yafe mana.