Kwantirola Ba Ta Son Gaggawa



Tun da aka cire tallafin mai a 2023, tsadar kuɗin mota daga Dingyadi zuwa Sakkwato ta sa muke ta zancen mayar da tsohuwar mota mai aiki da lantarki. Ba tatsuniya ba ce. Mustapha Gajibo ya yi wa ƙananan motocin bas haka a Maiduguri, kuma a 2021 aka buɗe tashar caji mai hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Inda gizo ke saƙar shi ne kwantirola, akwatin da ke auna wutar da batir zai ba injin. Fiyus ne farko. Sannan a shigar da wuta ta rizisto, kafasitocinta su cika sannu a hankali. In aka jona kai tsaye, tartsatsi na iya narkar da makunni. Wajen gwaji a ɗage tayoyi da jak, a taɓa totur kaɗan. In wayoyin injin guda uku sun saɓa, taya za ta yi karkarwa ko ta juya baya.

Makanikanmu suna da hannu, amma littattafan aikin da Turanci suke. Kuskure ɗaya, jarin mutum ya ƙone. In ba mu rubuta musu da Hausa ba, wa zai rubuta?