Shekarar da Rinjaye Ya Tsige Balarabe

Mu da muka yi samartaka a ƙarshen shekarun 1970, a tare muka san dimokuraɗiyya da adalci. A Oktoban 1979 sojoji suka miƙa mulki, jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta kafa gwamnati a Kano da Kaduna, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Dattawan ƙauyenmu, waɗanda suka sha kwanan daji don gudun masu karɓar haraji, suka ce ga sawabar da 'yan NEPU suka sha ɗauri dominta tun 1950.

A lokacin ina karatu a Zariya. Malaminmu na falsafar siyasa ya ba mu labarin Sukurat, wanda kotun jama'ar birnin Atina, mai alƙalai wajen 500, ta yanke masa hukuncin shan guba a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya ce tun daga nan almajirinsa Aflatun bai ƙara sakin jiki da mulkin jama'a ba. Muka yi wa malam ca, wai wannan matsalar Girkawa ce.

Sai ga rikicin Kaduna. Jam'iyyar NPN ce ke da rinjaye a majalisar dokokin jihar, ta ƙi amincewa da kwamishinonin da Gwamna Balarabe ya gabatar, har a Yunin 1981 ta tsige shi. Muka raba dare muna gardama. Wasu suka ce zalunci ne ƙarara. Wasu suka ce, to ai su ma 'yan majalisar ƙuri'ar talaka ce ta kai su. Kowa da hujjarsa, domin ƙuri'a tana nuna wanda ya fi yawa ne, ba ta tantance mai gaskiya.

Da sojoji suka dawo ranar 31 ga Disamba, 1983, abokaina da dama sun yi murna, suna cewa masu gyara sun zo. Ba a jima ba Doka ta 2 ta 1984 ta halatta tsare mutum ba tare da shari'a ba.

Tun daga nan nake auna mulki da tambaya biyu: talaka zai iya sauke shugaba ba tare da an zubar da jini ba? Wanda aka rinjaya yana da inda zai kai kuka a saurare shi? Duk mulkin da ya amsa ɗaya ya bar ɗaya, da sauran aiki a gabansa.