In Tafiya Ta Kama Ki Zuwa Lome

Yau filin namu zai ɗauki ƙafa ya nufi bakin teku, watau birnin Lome, hedkwatar ƙasar Togo. Matanmu da yawa su kan je can, wata sarin atamfa, wata gai da dangi a Zango, wata kuwa rakiyar maigida. Amma sau da yawa mace ta kan kwana uku ko huɗu a garin, ta komo ba abin da ta gani sai rumfar mai atamfa da ɗakin masauki, ga guzuri ya ƙare, ga ciki ya ɓaci. Ba kome ke jawo haka ba sai rashin shiri. Baƙo makaho ne, in ji masu iya magana, amma baƙon da ya yi tambaya tun daga gida ya sami sanda. To, ga sandar.

Garin da ya jingina da iyaka

Da fari ki san inda za ki. Lome tana kwance a bakin teku, kudu ruwa ne iyakar ganinki. Yamma kuwa, inda unguwar ƙarshe ta tsaya, nan ƙasar Ghana ta soma. Da ƙafa a ke ƙetarawa zuwa Aflao, garin Ghana na farko. Ingilishi da Jamusawa ne suka ja wannan layi, suka raba kabilar Ewe biyu, har yau kuwa harshensu ɗaya, danginsu ɗaya, sai dai wancan gefe Turancin Ingilishi a ke yi da kuɗin sidi, wannan gefe Faransanci da sefa.

Jamusawa suka mai da Lome hedkwata a 1897. Da aka yi yaƙin duniya na fari, Ingilishi da Faransawa suka ƙwace ƙasar a 1914, daga baya suka raba ta. Rabon Ingilishi ya shiga Ghana, rabon Faransa shi ne Togo ta yau, wadda ta sami mulkin kai ran 27 ga Afrilu, 1960. Ku 'yan makaranta ku riƙe waɗannan shekaru, gama duk ginin da za ku gani a garin ɗayansu ya ke ba da labari.

Shiri tun daga gida

Abu na fari takardu. Ki tabbata fasfo ɗinki bai mutu ba, haka na 'ya'ya. Ki nemi katin nan rawaya na allurar shawara, don a kan tambaye shi a bakin iyaka, wadda ba ta da shi kuwa ita ke shan tsaiko. Mai tasowa daga Ikko iyaka biyu za ta ƙetare: ta Seme, ta shiga ƙasar Benin ta ratsa Kwatano, sa'an nan ta Hilakonji, ta faɗa Togo ta garin Aneho. Ki yi ƙoƙari ki ƙetare da rana tsaka. Takardunki su zauna a jikinki, kada ki miƙa wa kowa sai ma'aikaci mai kayan sarki a bakin aikinsa. Kada ki karɓi ajiyar kayan wanda ba ki sani ba, ko da ƙullin yaji ne. Kada kuma ki ɗauki hoto a wurin.

Abu na biyu kuɗi. Sefar Togo ita ce ta Nijar da Benin, saboda haka 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ba su da wahalar canji. Amma sefar Kamaru da Cadi dabam ta ke, ko da ya ke darajarsu ɗaya. Mai naira ko sidi ta san farashin canji tun kafin ta isa iyaka, ta ƙirga abin da aka ba ta a gaban mai canjin. Ga wani abin da ya kan rikita mutanen Nijeriya: Bahaushen ƙasar sefa da dala ya ke lissafi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In ya ce miki dala ashirin, sefa 100 ke nan, jaka kuma sefa 1,000. Ki kasa guzurinki uku, na ci da masauki, na tsaraba, da na komawa gida. Na ukun nan ki ƙulle shi, ki manta da shi.

Abu na uku lokaci. Agogon Togo da Ghana yana bayan na Nijeriya da Nijar da Benin da sa'a guda. Damina babba daga Afrilu zuwa Yuli ta ke, ƙarama kuwa wajen Satumba da Oktoba. In da hali ki zaɓi Agusta, lokacin da gari ya kan yi sanyi-sanyi, ko kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu. Zafin can ba irin namu ba ne, gumi ne mai danƙo, sai ki ɗauki tufafin auduga marasa nauyi. Ki tsara yawonki wuri ɗaya da safe, wuri ɗaya da la'asar, tsakar rana ta ci ce da hutawa.

Rana ta fari: kasuwa, amma da ido kawai

Ki soma da Babbar Kasuwa, wadda mutanen gari ke kira Asigame. Nan ne gidan matan nan da suka yi suna, Nana Benz. Su ne suka riƙe cinikin atamfar Holan tun wajen samun mulkin kai har zuwa shekarun 1980, suka yi arziki har suka riƙa hawan mota Marsandi, daga nan sunan ya samo asali. Da yawansu ba su yi makarantar boko mai nisa ba, amma su ke zaɓar zane, su raɗa masa suna, 'yan kasuwa su zo sari daga ƙasashe maƙwabta. Babban ginin kasuwar ya ƙone a Janairun 2013, amma ciniki bai mutu ba, ya bazu cikin titunan da ke kewaye.

Shawarata ita ce ran nan kada ki sayi kome. Ki zaga, ki taɓa, ki tambayi kuɗin turmi a rumfa uku ko huɗu. Atamfa ta ainihi da ta kwaikwayo suna rataye kafaɗa da kafaɗa. Ki juya bayan zanen ki duba, ta kirki launinta ciki da baya kusan ɗaya ne, sa'an nan ki karanta rubutun bakin zanen. Kalma biyu na Ewe za su yi miki amfani: in an ce miki "woezo", maraba a ke yi miki, ke kuma ki ce "akpe", watau na gode. Jakarki a gaba, ba a baya ba.

Dab da kasuwar akwai babbar majami'a mai hasumiya biyu, ginin Jamusawa na 1902. Da la'asar ki gangara titin bakin teku, inda itatuwan kwakwa suka yi layi. Za ki hangi ƙarafa tsaye cikin ruwa. Kufan kwatar jiragen ruwa ne, ta Jamusawa ta 1904 da ta Faransawa ta 1928, wadda aka bari bayan an buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa gabas da gari a 1968.

Rana ta biyu: fada da Zango

Da safe ki nufi tsohuwar fadar gwamna, wadda Jamusawa suka gina tsakanin 1898 da 1905. Ta daɗe a yashe, kana aka gyara ta aka buɗe wa jama'a a 2019, ta zama gidan nuna zane-zane da aikin hannu. Tana da lambu mai faɗi da manyan itatuwa, wurin da yara za su sake. Ki tambayi ranakun buɗewa tun daren jiya. Daga nan ba nisa zuwa dandalin tunawa da mulkin kai, kusa da shi kuma ga dogon otal ɗin nan mai suna 2 Février, ginin 1980, mai tsawon mita 102. In kin ɓace a gari, ɗaga kai ki neme shi.

Masu jan baƙi za su yi miki tallar kasuwar Akodesewa, inda a ke sayar da kayan bokaye da tsafi, ƙoƙunan kan dabbobi da busassun tsuntsaye. Sai an biya a ke shiga, ga kuma wari. Mai ƙananan yara ko mai juna biyu ba ta yi hasarar kome ba in ta wuce.

Da yamma sai Zango. Fatake Hausawa sun zauna a Lome tun zamanin Jamus, Zangonsu na fari kuwa cikin gari ya ke. A 1977 hukuma ta tashe shi, aka mai da mutanen arewa da gari, tafiyar kilomita 15 ko kusa da haka. Can za ki ji Hausa rangaɗaɗau, ga masallatai, ga mahauta, ga koko da ƙosai. In da mai masaukinki a can, ita ce ya kamata ta raka ki ciniki, gama ɗan gari shi ya san farashin gari.

Rana ta uku: gabas, sa'an nan tsaraba

Gaɓar tekun Togo gaba ɗaya ba ta kai kilomita 60 ba, saboda haka da sassafe a kan fita a komo kafin azahar ta wuce. A Agbodrafo akwai wani tsohon gida na wajen 1835, wanda a ke tsare bayi a ƙarƙashin daɓensa, cikin wani rami da babba ba ya iya miƙewa tsaye, har jirgi ya zo. Ki kai 'ya'yanki su gani, gani ya kori ji. Daga nan a kan shiga kwalekwale a ƙetare tabkin Togo zuwa Togoville, garin da ƙasar ta ci sunansa. Da sunan sarkin wannan gari aka ƙulla alkawari da Jamus a 1884. Wakilin Jamus ɗin, Gustav Nachtigal, shi ne wanda ya kai wa Shehu Umar na Barno kyautar Sarkin Furusiya a Kukawa a 1870. Kada ki shiga kwalekwalen da aka cika maƙil.

Da kin komo, yanzu ne za ki kwance ƙullin tsaraba ki koma rumfar da kika zaɓa. Wadda ta yi sayayya ran fari, da sauran canji ta ke ganin gari. Wadda ta bari sai ran ƙarshe, ta ga gari, ta san farashi, ta kuma san abin da ya rage mata.

Abin da za ki ci

Abincinsu ba baƙo ba ne ƙwarai, sunaye ne suka sake. Da safe mata ke sayar da ayimolu, shinkafa da wake ke nan, ɗan'uwan garau-garau. Akume tuwon masara ne. Fufu sakwara ce, a kan kirɓa ta a gabanki, da rana a ke cinta da romon kifi ko na akuya. Koliko soyayyar doya ce da yaji. Jenkume tuwon masara ne da aka tuƙa cikin romon tumatir, a ci da kaza. Ablo kuwa kamar waina ya ke, amma turara shi a ke yi, ba toyawa ba, yana da ɗan zaƙi, ya kan tafi da soyayyen kifi. Miyar ademe lalo ce, fetri kuɓewa, gboma kuwa ganyen wani irin gauta ne. Wagashi cukun Filani ne, a kan soya shi a sa a miya.

Tun da kin zo bakin teku, ki ba kifi ƙarfi, ki huta da nama. Ki duba idonsa garau, matsatsin kunnensa ja, a gasa a gabanki. A kan sa ƙaguwa da jatan lande cikin miya, wadda jikinta ba ya shiri da su sai ta tambaya kafin a zuba. In nama ki ke so, ki nemi masu cicinga, watau tsire, yawancinsu mutanenmu ne ko Musulmin arewacin Togo. A sauran wurare ki tambaya, don a kan dafa alade, sunansa da Faransanci "porc". Ki lura kuma da sodabi, fari ne tas kamar ruwa, amma barasa ce da a ke tatsa daga bammi.

Ki ci inda mutane suka yi layi, tukunya na kan wuta. Abin da ya kwana ko ya huce, bar shi. Ruwa sai na kwalba mai hatimi ko wanda aka tafasa, ƙanƙarar da ba ki san ruwanta ba kuwa kada ta shiga kofin yaro. Ɗanyar kwakwa da aka sare a gabanki ta fi kowane lemo. Ki riƙe garin gishiri da sukari na asibiti a jaka saboda gudawa, ku kwana cikin gidan sauro.

Teku ba gulbi ba ce

Wannan shi ne mafi girman gargaɗi. Tekun Lome kyakkyawa ce, amma igiyarta tana da ƙarfi, in ta bugi gaɓa ta koma sai ta ja rairayin ƙarƙashin ƙafa, ta ja mutum. Ko gwanin iyo na Kwara ko Binuwai ba ya wasa da ita. Har tsohuwar hanyar mota ta zuwa Aneho ta cinye a wurare. Ku zauna a inuwar kwakwa, ku kalli masunta suna jan taru da safe suna waƙa, yaro kuwa hannunsa cikin naki. Ran Lahadi da yamma gari duka ya kan fito shan iska, amma da magariba ta gabato ku tashi, bakin teku da dare ba wurin baƙo ba ne. Wajen zirga-zirga, mai goyo ta bar babur ta shiga tasi, a yanke kuɗi kafin a rufe ƙofa.

To, uwargida, ki zauna da maigida ku rubuta wannan tsari tun kafin a ɗaure kaya. Ku kuma 'yan makaranta, wadda Allah ya nufa da zuwa ta tafi da littafi da fensir, ta rubuto mana abin da ta gani don 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya kai lafiya, ya komo da ku lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.